Idan Gzip Ya Ƙi Matse Fayil Ɗinka, Saurare Shi Kafin Ka Tilasta Masa

Akwai wata ɗabi'a da ta kama mu, mu ɗaliban kimiyyar kwamfuta, wadda ya kamata mu faɗa wa juna gaskiya a kanta tun kafin mu karɓi takardar difloma. Da zarar kwamfuta ta ce a'a, ba ma tsayawa mu karanta dalilinta. Sai mu ƙara sudo a gaba, ko mu liƙa -f a baya, mu sake dannawa. In ta wuce, shi ke nan, sai a ce wane ya iya kwamfuta. Alhali sau da yawa abin da muka yi shi ne toshe bakin wanda ke ƙoƙarin faɗa mana cewa akwai rami a gabanmu.

Zan ɗauki misali guda ɗaya, ƙarami a ido, amma wanda ya isa ya nuna abin da nake nufi. Duk wanda ke amfani da Linux, ko a lab ne ko a kan tasa kwamfutar, ya san gzip, manhajar nan ta matse fayil don ya rage girma. Wata rana za ka ba shi fayil, maimakon ya matse, sai ya rubuto maka layi ɗaya da Turanci mai ɗauke da kalmomin "has 1 other link", ya bar fayil ɗin yadda yake. Mutane da yawa suna ɗaukar wannan a matsayin aibi ko taurin kai na tsohuwar manhaja. Ni a ganina gzip ne ke da gaskiya, kuma manhajojin da ba sa cewa komai su ne suka fi cancanta mu ji tsoronsu.

Fayil daban, sunansa daban

Kafin a gane dalilin gzip, sai an gyara wata fahimta da yawancinmu muka taso da ita daga Windows, cewa sunan fayil shi ne fayil ɗin. A tsarin Unix, wanda Ken Thompson da Dennis Ritchie suka fara ginawa a Bell Labs ta Amurka a 1969, kuma wanda Linux ta bi sawunsa, ba haka abin yake ba. Kowane fayil yana da wani kati a cikin faifan ajiya, wanda a aji muke ce wa ainod. A kan katin nan ake rubuta girman fayil, mai shi, wa ke da izinin karantawa ko rubutawa, lokacin da aka taɓa shi, da wuraren da bayanansa suke kwance a faifai. Abu ɗaya ne babu a katin: suna. Sunan yana cikin folda, kuma folda ba komai ba ce illa jerin sunaye, kowane suna da lambar katin da yake nunawa.

Ka ɗauke shi kamar lambar rajistarka a makarantar nan. Lambar guda ɗaya ce, kai ma mutum ɗaya ne, amma sunanka yana cikin jerin sashenku, yana cikin jerin hostel, yana cikin jerin laburare. In aka soke sunanka daga jerin hostel, ba a kore ka daga makaranta ba. To haka fayil yake. Ana iya ba kati ɗaya suna biyu, uku, ko ɗari, a folda daban-daban. Wannan shi ne had-link, wanda zan riƙa kira haɗin suna. Umarnin ln ne ke ƙirƙirarsa. Kuma kada a rikita shi da shotkot ɗin Windows ko haɗin alama na ln -s, wanda shi manuni ne kawai zuwa wani suna, in asalin ya tafi sai ya zama fanko. A haɗin suna babu asali babu kwafi. Duk sunayen matsayinsu ɗaya, kuma bayanan ba sa barin faifai sai suna na ƙarshe ya tafi. Shi ya sa ma a Unix ainihin aikin da ke goge fayil ake kiransa unlink, wato cire haɗi. Katin yana ƙirga sunayensa, in ƙirgen ya kai sifiri, sannan ne ake sakin wurin.

Wanda ke son ya gani da idonsa, in yana da Ubuntu ko Debian, ya rubuta ls -li /bin/bzip2 /bin/bunzip2 /bin/bzcat. Zai ga lambar kati iri ɗaya a farkon duk layukan uku, ya kuma ga 3 a wurin ƙirgen haɗi. Manhaja ɗaya ce da suna uku, tana duba sunan da aka kira ta da shi don ta san ko matsewa za ta yi ko buɗewa. Wato ita kanta manhajar matse fayil da haɗin suna take rayuwa.

Abin da gzip yake gudu

Jean-loup Gailly da Mark Adler ne suka fitar da gzip a 1992, don ya maye gurbin tsohuwar manhajar compress wadda dabarar matsewarta ta LZW ke ƙarƙashin haƙƙin mallaka a wancan lokacin. Yadda yake aiki a al'adance shi ne: ya karanta rahoto.txt, ya rubuta sabon fayil mai suna rahoto.txt.gz, sannan ya cire sunan rahoto.txt. In fayil ɗin suna ɗaya gare shi, lafiya lau, tsohon ya tafi, sabon ƙarami ya zauna, ka samu wuri.

To yanzu a ce fayil ɗin suna biyu gare shi, kuma girmansa megabait 500. Ka sa -f, gzip ya bi umarninka. Ya rubuta sabon fayil, a ce ya matse zuwa megabait 100. Ya cire sunan da ka ba shi. Amma ɗaya sunan yana nan, don haka megabait 500 ɗin nan ba su motsa ko'ina ba. Ka shigo kana neman rage 400, ka fita ka ƙara 100. Faifan da ke ɗauke da 500 yanzu yana ɗauke da 600. Garin neman ƙiba an samo rama ke nan, kuma galibi mai yin wannan yana yi ne daidai lokacin da faifansa ya kusa cika.

Wannan ma ƙaramar asara ce. Babbar ita ce ta biyu, wadda ba a ganinta nan take. Kafin ka tilasta, duk gyaran da aka yi ta suna ɗaya yana bayyana ta ɗaya sunan, domin abu ɗaya ne. Bayan ka matse ka sake buɗewa da gunzip, rahoto.txt zai dawo da sunansa da abin da ke cikinsa, amma a kan sabon kati. Daga wannan lokaci fayil biyu ne masu kama da juna, ba fayil ɗaya mai suna biyu ba. Ka gyara wannan, wancan yana nan da tsohon zance. Babu saƙon kuskure, babu jan rubutu, babu komai. Sai ranar da wata manhaja ta karanta tsohon bayani ta ɗaya sunan, a zauna ana ta neman inda matsalar ta fito. In wanda ya haɗa sunayen nan ya yi ne da gangan, kuma kusan kullum da gangan ne, to ka warware masa ɗauri ba tare da ka sani ba.

Saboda haka da gzip ya tsaya, ba gazawa ya yi ba. Ya ga cewa abin da ka nema, wato rage wuri ba tare da ɓata komai ba, ba zai samu ta wannan hanyar ba, sai ya faɗa maka. Kuma ba shi kaɗai ba ne. Bzip2 na Julian Seward, wanda ya fito a 1996, shi ma yana ƙin irin wannan fayil sai an tilasta masa. Haka xz na Lasse Collin. Mutane daban-daban, a shekaru daban-daban, duk suka tsaya a kan hukunci ɗaya. Ya kamata wannan kaɗai ya sa mutum ya ɗan yi tunani kafin ya ce dukkansu ba su san aikinsu ba.

Masu shiru sun fi haɗari

Yanzu mu juya ga waɗanda ba sa ƙorafi. Tsarin ZIP, wanda Phil Katz ya fitar a 1989, shi ne wanda kowa ya sani, daga shagon buga takardu na bakin get har ofishin sashe. In ka ba manhajar zip folda mai ɗauke da fayil ɗaya mai suna biyar, za ta ɗauki kowane suna a matsayin fayil mai zaman kansa, ta matse shi sau biyar, ta ajiye sau biyar. Ba za ta ce maka uffan ba. In ka buɗe a wani wurin, fayil biyar za ka samu, babu abin da ya haɗa su. Haka umarnin cp -r yake yi. Haka ma rsync -a, wanda da yawa ke zaton yana kiyaye komai da komai, ba ya kiyaye haɗin suna sai ka ƙara masa -H.

Wani zai ce, to wa ma ke da fayil mai suna biyar? Amsar ita ce, kai ma wataƙila kana da shi. In ka yi git clone daga wata folda zuwa wata a kan faifai ɗaya, git yana haɗa fayilolin tarihin aikin da haɗin suna don kada ya ninka wuri. Masu rubuta JavaScript da ke amfani da pnpm, ita ma da haɗin suna take cika musu node_modules daga ma'ajiya guda. Manhajojin ajiyar ko-ta-kwana irin su rsnapshot da wannan dabarar suke aiki: kowace rana ana buɗe sabuwar folda mai kama da cikakken kwafi, amma duk fayil ɗin da bai canja ba suna kawai ake ƙara masa. Ko Windows ɗin da muke ganin ba ruwanta, tsarinta na NTFS yana da haɗin suna, ana yin sa da mklink /H, kuma foldar WinSxS cike take da shi, shi ya sa girman da ake nuna maka nata ya fi ainihin wurin da ta ci.

Ka ƙaddara an tura ka SIWES wani ofishi, aka ce ka kwashe ajiyar wata guda daga saba zuwa wani faifai. Folda 30 ne, kowace tana nuna gigabait 2, amma da yake yawancin fayilolin haɗin suna ne, duka-duka abin da suka ci bai wuce gigabait 2 da 'yan kai ba. Ka kwafe da cp -r, ko ka ja su zuwa filas. Abin da zai sauka ya kusa gigabait 60. Filas ɗin ma da muke yawo da su a aljihu, yawancinsu FAT32 ne ko exFAT, kuma duka biyun ba su san haɗin suna ba sam. Ko dai wuri ya ƙare a tsakiyar aiki, ko kuma aikin ya kammala ka tafi kana murna alhali ka rushe tsarin da wani ya gina. A cikin gzip da ya tsayar da kai da zip da ya bar ka ka wuce, wanne ne masoyinka?

Inda masu ƙorafi suke da gaskiya

Ba na cewa babu abin gyara. Akwai ƙorafi uku da na yarda suna da tushe.

Na farko, saƙon ya yi gajarta. Wanda bai taɓa jin labarin ainod ba, in ya ga an ce fayil ɗinsa yana da wani haɗi, ba zai san me ake nufi ba, balle ya san ina ɗaya sunan yake. Wannan gaskiya ne, sai dai ba laifin gzip ba ne gaba ɗaya. Katin fayil yana riƙe da ƙirgen sunaye ne kawai, ba ya riƙe da sunayen kansu. Don a gano su sai an bi faifan folda bayan folda, wanda shi ne aikin find -samefile. Duk da haka, ƙarin 'yan kalmomi da za su nuna wa mutum mafita ba za su cutar da kowa ba.

Na biyu, in mutum ya ce a bar masa asalin fayil ɗin kada a cire, me zai sa a hana shi? Ai ba za a taɓa kowane suna ba, babu haɗin da zai warware. Wannan ƙorafin daidai ne, kuma masu xz sun karɓe shi. Daga fitowar 5.2.6 a 2022, in ka sa -k, wato a ajiye asali, xz yana matse fayil mai suna da yawa ba tare da an tilasta masa ba. Kafin nan sai da -f. Ga yadda gyara na hankali yake: an buɗe ƙofa a inda babu haɗari, an bar ta a rufe a inda yake.

Na uku shi ne wanda ya fi damuna. Gzip yana ɗaukar wannan lamarin a matsayin gargaɗi, yana fita da lamba 2, ba 0 ta nasara ba, ba kuma 1 ta kuskure ba. In mutum yana zaune gaban allo zai ga saƙon. Amma in a cikin sikirif ne da ke tashi da tsakar dare yana matse tsofaffin fayiloli, kuma wanda ya rubuta shi bai sa a duba lambar fita ba, to fayilolin nan za a yi ta tsallake su har faifai ya cika. Sai dai a nan ma, in za a yi adalci, manhajar ta yi magana. Wanda ya rubuta sikirif ɗin ne bai ajiye mai saurare ba.

Duk ƙorafin nan uku suna neman a ƙara bayani ne ko a daidaita iyaka. Babu ɗaya a cikinsu da ke nuna cewa ya kamata gzip ya riƙa warware haɗi a ɓoye don kawai kada ransa ya ɓace wa mai amfani.

To me za a yi?

Abin ba wuya. In gzip ya tsaya, fara da ls -li ka ga lambar kati da ƙirgen sunaye. Sannan find tare da -samefile ya nuna maka sauran sunayen, kuma ba sai ka nema da nisa ba, domin haɗin suna ba ya tsallaka daga wani ɓangaren faifai zuwa wani. Daga nan sai ka tambayi kanka abin da kake so.

In kwafi matsattse kake so don ka tura wa sufabaiza ko ka rage cin data, yi amfani da gzip -c ka karkatar da abin da ya fito zuwa sabon suna. Ba zai yi gardama ba, domin babu sunan da zai cire. In folda guda kake son ɗaurewa da duk haɗin da ke cikinta, tar ne abokin tafiyarka. Tun 1979 yake cikin Unix, kuma dabararsa ita ce ya ajiye bayanan sau ɗaya a ƙarƙashin sunan da ya fara gamuwa da shi, sauran sunayen kuma ya rubuta cewa haɗi ne zuwa wancan. In ka buɗe, sai ya mayar da su yadda suke. Shi ya sa tar czf ya fi zip dacewa da irin wannan aikin. Abin lura ɗaya: kada ka ciro suna na biyu shi kaɗai daga cikin ɗaurin ka bar na farko, domin bayanan suna tare da na farkon. In kwafewa za ka yi, cp -a ko rsync -aH, kuma ka tabbata inda za ka kai ɗin ya san haɗin suna. In kuwa da gaske wuri kake son ragewa, to sai ka yanke shawara a kan duk sunayen gaba ɗaya, ka kuma tambayi wanda ya haɗa su kafin ka taɓa.

Shi -f ɗin ma yana da ranarsa. In ka duba, ka gane, ka tabbata raba su kake so, sa shi da hannunka biyu. Abin da nake ƙi shi ne a sa shi don kawai a kashe bakin saƙo.

Kira ga malamanmu da ƙungiya

Muna karanta darasin tsarin sarrafa kwamfuta, muna haddace ma'anar fayil da folda, muna zana hotuna a takardar jarrabawa mu ci maki. Amma mu nawa ne a ajin ƙarshe suka taɓa ƙirƙirar haɗin suna da hannunsu suka ga ƙirgen ya tashi daga 1 zuwa 2? Gwajin nan bai kai minti goma ba. A ƙirƙiri fayil, a yi masa ln, a gwada gzip a ga ya ƙi, a tilasta masa, a buɗe, a sake duba lambobin kati a ga sun bambanta. Ba ya buƙatar intanet, ba ya buƙatar sabuwar kwamfuta, ko tsohuwar da ke kusurwar lab za ta yi, in dai akwai wuta. Ina roƙon malamanmu, Allah ya ƙara musu haƙuri da mu, su sa irin wannan a cikin firaktikal. Politeknik dai an kafa ta ne don aikin hannu, kuma wanda zai ɗauke mu aiki gobe ba zai tambaye mu ma'anar ainod ba, faifansa zai miƙo mana.

Ita ma ƙungiyar ɗalibai, musamman ta sashenmu, tana iya shirya zama na awa ɗaya a ƙarshen mako, 'yan HND su zauna da 'yan ND, a ɗauko saƙonnin gargaɗi guda goma da aka fi gamuwa da su, a bi su ɗaya bayan ɗaya da Hausa da Turanci har kowa ya gane. Da yawa daga cikinmu ba raini ne ke sa mu tsallake saƙon ba, Turancin ne gajere kuma a dunƙule, ga kunyar tambaya a gaban abokai. In aka warware shi sau ɗaya cikin harshen da mutum ke tunani da shi, ya zauna ke nan.

'Yan'uwana 'yan ajin ƙarshe, nan da 'yan watanni wasunmu za su tafi aikin shekara guda kafin HND, wasu su buɗe shago, wasu su samu kansu a asibiti ko banki ko ma'aikata, a gaban kwamfutar da ke ɗauke da bayanan mutanen da ba su san mu ba. A can babu wanda zai ce sake gwadawa, wannan firaktikal ne. Albashin wani ne, ko sakamakon gwajin jinin wani, ko takardar filin wani. Layi ɗaya da manhaja ta rubuto maka ba zai ci maka minti ɗaya ba wajen karantawa. Ka karanta shi, in ba ka gane ba ka tambaya, sannan ka danna.